Sitaj a digiri na biyu: Abin da ɗalibin Belbeji ya kamata ya sani kafin ya ajiye takardar nema

Ɗalibin da ya kai zangon ƙarshe na digiri na biyu a jami'o'in Nijar, wato mastar, yawanci ya gama da zaman aji. Abin da ya rage masa shi ne ya samu ma'aikatar da za ta karɓe shi aikin koyon sana'a, wanda kowa ya fi sani da sitaj, ya rubuta kundin bincikensa, sannan ya kare shi a gaban malamai. A wannan gaɓa ce wasu ke maƙalewa har shekara ta wuce, musamman 'ya'yan karkara da ba su da ɗan uwa a Yamai da zai ba su masauki ko ya kai su ga wani darakta.

Ga ɗalibin da ya fito daga Belbeji ko Tanout a yankin Damargu, tambayoyin biyu ne. Wane sitaj ne jami'a za ta ƙirga masa? Kuma dole ne sai ya je babban birni kafin ya same shi?

Yadda ake ƙirga kiredi

Jami'o'in gwamnati na Nijar, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa André Salifou ta Damagaram da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, suna bin tsarin LMD: lisans, mastar, dokta. Ƙungiyar UEMOA ce ta umarci ƙasashenta su koma wannan tsari a 2007, bayan Turai ta soma shi da yarjejeniyar Bologna ta 1999.

A tsarin, kowane zangon karatu yana da kiredi 30. Lisans shekara uku ce, kiredi 180. Mastar shekara biyu ce, zango huɗu, kiredi 120. A yawancin sassa, zango na huɗu na sitaj ne da kundin bincike. Ke nan wanda ya ci duk jarrabawarsa amma bai yi sitaj ɗin da aka amince da shi ba, kiredinsa bai cika ba, kuma ba zai karɓi difloma ba.

Akwai abubuwa uku da mutane ke haɗawa alhali ba ɗaya ba ne. Na farko sitaj na karatu, wanda ke cikin manhaja kuma ake ba shi maki. Na biyu sitaj na neman ƙwarewa bayan an gama karatu, irin wanda hukumar samar da aikin yi ta ANPE ke shiga tsakani a kai. Na uku bautar ƙasa. Biyun ƙarshe suna ƙara wa mutum gogewa, amma ba sa cike gurbin kiredin mastar. Haka shirin SIWES na Najeriya, wanda asusun ITF ya kafa a 1973, na ɗaliban digiri na farko ne da na kwalejoji, ba na masu digiri na biyu ba.

Wa ya cancanta?

Kowane sashe yana da nasa ƙa'idoji, kuma ofishin shugaban sashe ne wurin tabbatar da su. Sai dai akwai sharuɗɗan da ake samu kusan ko'ina.

Dole ɗalibi ya kasance ya yi rajistar shekarar da ake ciki. Wanda bai sabunta rajista ba, a idon jami'a ba ɗalibi ba ne, kuma ba za a sa masa hannu a takarda ba. Ana kuma so ya kammala shekarar farko ta mastar, wato kiredi 60, kafin sitaj na ƙarshe. Sannan ya samu malamin da ya yarda ya duba aikinsa, tare da maudu'in da sashe ya amince da shi. Daga ƙarshe, aikin da zai yi a ma'aikatar ya dace da fannin da yake karanta. Mai nazarin kiwo da ya shafe wata huɗu yana buga wasiƙu a ofishin wani kawunsa bai yi sitaj ɗin da za a ƙirga ba, ko da an ba shi takardar shaida mai hatimi.

Akwai kuma bambanci tsakanin mastar ta bincike da mastar ta sana'a. Ta farko tana kai mutum ga dokta, don haka sitaj ɗinta yakan kasance a ɗakin gwaji ko cibiyar bincike irin su INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ko AGRHYMET da ke Yamai. Ta biyu ta fi karkata ga kamfanoni, ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi.

Takardar da komai ya rataya a kanta

Takardun nema ba su da wuya: wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikata, taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, shaidar rajista, sakamakon jarrabawa, da wasiƙar gabatarwa daga sashe. Ana ajiye su a sakatariya, kuma yana da kyau a nemi a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da ɗalibi zai riƙe. Wasiƙar da ta faɗi maudu'i, da tsawon lokaci, da amfanin da ma'aikatar za ta samu, ta fi saurin samun amsa a kan wadda ta ce kawai "ina neman sitaj".

Amma takardar da ta fi kowace muhimmanci ita ce yarjejeniyar sitaj, wadda ɓangarori uku ke sa wa hannu: jami'a, ma'aikatar da ta karɓa, da ɗalibin. A cikinta ake rubuta ranar farawa da ta gamawa, aikin da za a yi, sunan jami'in da zai kula da ɗalibi a wurin aiki, da batun alawus idan akwai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara aiki da alkawarin baki, a ce za a gyara takarda daga baya. Idan aka yi wa jami'in da ya yi alkawarin canjin wurin aiki, ko malami ya ce bai san da maganar ba, watannin sun tafi a banza. A sa hannu tukuna, sannan a ɗauki jaka.

Abin da ke gida

Belbeji ta zama gunduma a 2011, lokacin da aka cire ta daga Tanout, kuma ƙaramar hukuma ɗaya ce tak a cikinta, wato Tarka. Zama gunduma ya zo da ofisoshin gwamnati na kiwo, noma, muhalli da lafiya. Kowannensu ma'aikata ce da za ta iya sa hannu a yarjejeniyar sitaj, matuƙar akwai jami'in da zai kula da ɗalibi kuma jami'a ta yarda.

Abin bincike kuwa ba ya ƙarewa. Yankin yana kan iyakar da ta raba ƙasar noma da ta kiwo. Wata doka ta 1961 ta shata layin da bai kamata gonaki su ƙetare zuwa arewa ba, amma yawan jama'a da neman ƙasa sun tura gero can ciki. Kwarin Tarka, wanda ya bi ta Dakoro har zuwa Madawa, yana tsakiyar wannan takaddama. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, sannan dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar da 'yancin zirga-zirgar dabbobi. Yadda waɗannan dokoki ke aiki a bakin rijiya da kan burtali abu ne da ɗalibin shari'a, ko na nazarin ƙasa, ko na zamantakewa zai iya gina kundi a kai. Ɗalibin lafiyar al'umma yana da batun rigakafi da awon ciki a tsakanin iyalan da ke ƙaura da dabbobinsu. Ga masu fannin sinadarai da injiniya, matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana cikin ƙaramar hukumar Olelewa ta gundumar Tanout.

Ɗan yankin yana da abin da baƙo ba shi da shi: masauki, sanin hanya, da harshe. A Damargu ana jin Hausa, Tamajak, Fulatanci da Barbarci, kuma makiyayi ya fi sakin jiki da wanda ya san gidansu. Haɗarin shi ne a ɗauke shi ɗan wani ɓangare a rikicin da yake bincike a kai, don haka gara ya tattauna wannan da malaminsa tun kafin ya zaɓi ƙauyukan da zai shiga.

Akwai ladubban da ba a rubuta a manhaja ba. Mai shiga karkara da takardar tambayoyi yakan fara kai takardar izininsa wurin parfe, sannan wurin kantoman da ke riƙe da ƙaramar hukuma, tun da an rusa zaɓaɓɓun majalisu a Afrilun 2024. Daga nan sai sarakunan gargajiya, har da tambari da arɗo idan aikin ya shafi makiyaya. Binciken da ya taɓa marasa lafiya yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'a.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Wanda zai auna ciyawa sai ya kasance a daji a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, lokacin da ma'aikatar kiwo ke ƙiyasta abincin dabbobi na shekara. Mai son ganin cunkoso a rijiyoyi sai bazara. Idan kalandar jami'a ta goce, kamar yadda takan yi, ɗalibi zai iya rasa lokacin gaba ɗaya, sai ya jira wata shekara ko ya sauya maudu'i.

Ƙofofin da suka ragu

Shekaru da dama ƙungiyoyin agaji ne suka fi ɗaukar ɗalibai, sau da yawa har da alawus da mota zuwa ƙauyuka. Wannan ƙofa ta ƙuntata. Hukumomi sun janye izinin ƙungiyar Acted a Nuwamban 2024, suka umarci ƙungiyar ICRC ta bar ƙasar a Fabrairun 2025, kuma a shekarar ce Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Faransa ma ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, abin da ya sa neman biza ya koma sai an je wata ƙasa.

Ga 'yan Damargu da ke karatu a waje, dokar ƙasar da suke ce ke aiki. A Faransa, sitaj ba ya wuce wata shida a ma'aikata ɗaya cikin shekarar karatu, kuma idan ya haura wata biyu dole a biya alawus, wanda mafi ƙarancinsa ya kasance yuro 4.35 a awa a 2024 da 2025. A Amurka, mai bizar F-1 yana buƙatar izinin CPT daga ofishin ɗaliban ƙetare na makarantarsa kafin ranar farko ta aiki, yawanci bayan ya cika shekarar karatu guda. Wanda ya yi wata 12 na cikakken CPT ya rasa damar OPT, wato izinin aiki bayan kammalawa. Mai son dawowa gida ya yi sitaj kuwa sai ya fara tambayar jami'arsa, domin wasu ba sa amincewa da tafiya yankin da gwamnatinsu ta gargaɗi 'yan ƙasarta a kai.

Kafin a bar wurin

Sitaj a ofishin gwamnati na gunduma yawanci ba ya zuwa da kuɗi. Man babur, buga takardu da abinci duk a kan ɗalibi suke, ko da yana karɓar tallafin hukumar ANAB, don haka a yi lissafinsu tun kafin a sa hannu. Idan an gama, a karɓi takardar shaidar kammalawa da takardar kimantawa daga jami'in da ya kula da aikin tun ana wurin, domin dawowa Belbeji daga Yamai saboda sa hannu ɗaya tafiya ce ta sama da kilomita 800.

Bayan an kare kundi a gaban malamai, ya dace a mayar da kwafi ɗaya ga ofishin da ya karɓi ɗalibin. Jami'an da suka ga sakamakon aikin da suka taimaka a kai sukan fi saurin amsa wasiƙar ɗalibin da zai zo baɗi.