Wannan da Wancan: Yadda Za Mu Koya wa Yaranmu Kalmomin Nuni na Turanci

 Tun 1977 tsarin ilimin Najeriya ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida, sa'annan a koma Turanci daga baya. A watan Nuwamba na 2025 kuwa, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko. Ga kuma rashin tsaro da ya sa yara da yawa a ƙasar Isa da Sabon Birni suke rasa kwanakin makaranta. Saboda haka abin da yaro zai samu a gida ba ƙarami ba ne. Bari mu fara da kalmomi huɗu da malami yake faɗa kullum a aji: this, that, these, those.

Masu nahawun Hausa suna kiran irin waɗannan kalmomi nunau, domin da su ake nuna abu. Yaronmu ya riga ya san aikinsu a harshensa. This shi ne wannan, abu ɗaya a kusa. That shi ne wancan ko waccan, abu ɗaya a nesa. These shi ne waɗannan, those kuma waɗancan. Tambaya biyu ce ke nan: kusa ne ko nesa? Ɗaya ne ko da yawa?

Akwai wurare uku da yara suke tuntuɓe.

Na ɗaya, jinsi. A nan Gobir muna cewa wanga rago, wagga akuya, waɗanga awaki. Turanci ba ya raba namiji da mace a nan. This ya ishi rago, ya ishi akuya. Ku gaya wa yaro wannan a fili, zai ji sauƙi.

Na biyu, wurin zaman kalma. Muna cewa yaron nan, gidan can, nunau yana bin suna a baya. A Turanci gaba yake zuwa: this boy, that house. In yaro ya ce boy this, Hausa ce ya sa wa rigar Turanci. Kada a yi masa dariya, a maimaita masa daidai kawai.

Na uku, furuci. Hausa ba ta da sautin th, shi ya sa ake jin zis ko dis. Ku nuna wa yaro ya ɗora bakin harshe a haƙoran sama, ya fitar da murya. Bambancin this da these kuwa kamar na gari ne, inda mutane suke zama, da gari na tuwo: ɗaya gajere, ɗaya a ja shi. This yana ƙarewa da s, these da z.

Ga yadda za a yi a tsakar gida, ba sai da littafi ba:

1. Ku ɗauki tsakuwa ɗaya a hannu, ku ce: This is a stone. Ku ajiye wata kusa da rumbu, ku nuna da yatsa: That is a stone. A tsaya nan har mako guda.

2. Mako na biyu a ƙara tsakuwoyi: These are stones, Those are stones. A lura, this da that suna tafiya da is, these da those suna tafiya da are.

3. Ku sa yaron ya je inda tsakuwar nesa take. Yanzu ita ce this a bakinsa, ta hannunku ta koma that. A nan ne zai gane cewa kusa da nesa daga mai magana ake auna su.

4. Da yamma in awaki sun dawo, ku tambaye shi: What are those? Ya amsa: Those are goats.

Minti goma kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Uwar da ba ta yi boko ba, ta sa babban wa ko babbar ya su jagoranci wasan, ita kuma ta zauna ta saurara. Da sannu za ta kama kalmomin tare da 'ya'yanta. Allah ya ba mu ikon yi.