Ganyen Gwaza da Gilashin Mota: Yadda Direba Zai Ga Hanya Cikin Ruwan Sama

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta, kasuwar Talata Mafara ta fara watsewa, muka shiga motar haya za mu Bakura. Tun muna tasha hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu yi nisa kuwa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Waifar motar guda ɗaya ce ke aiki, robarta ma ta cinye, duk sharar da ta yi sai ta ƙara dagula gilashin. Direba ya leƙo da kansa ta taga yana laluben hanya, yaron mota kuma yana goge gilashin ta ciki da tsumma. Can sai muka ji birki da ƙarfi. Ashe amalanken shanu ne a gabanmu, babu wanda ya hango shi sai da muka zo daf da shi. Allah ya kiyaye, amma daga nan har muka sauka babu wanda ya sake yin hira.

Da yawa daga cikinku kun san irin wannan tafiya. Ɗaliban makarantun kwana na Mafara, Bakura da Maradun sukan tafi dogon hutu a tsakiyar damina, su kuma dawo a watan Satumba ruwa bai gama ɗaukewa ba. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan makon mu duba wata dabara ta kimiyya, wato maganin da ake shafa wa gilashin gaban mota domin ruwa ya kasa zama a kansa. Yaya yake aiki? Ina iyakar amfaninsa?

Me ke hana direba gani?

Ruwa ai garau yake, to don me yake rufe wa direba ido? Dalilin shi ne haske yana karkacewa duk lokacin da ya ratsa daga iska zuwa ruwa, ko daga ruwa zuwa gilashi. Ku tuna yadda cokali ke zama kamar ya karye in an tsoma shi a kofin ruwa. Da ruwan zai kwanta a kan gilashin sumul, kauri ɗaya ko'ina, da matsalar ba ta yi yawa ba. Amma gilashin mota yana ɗauke da ƙura, hayaƙi, maiƙo da gawar ƙwari. Sai ruwan ya bazu babu tsari, nan da kauri, can siriri, kowane wuri yana karkatar da haske ta inda ya ga dama. Da dare abin ya fi muni, domin fitilar motar da ke tahowa takan tarwatse ta cika gilashin gaba ɗaya.

Darasi daga gona

Ku je fadama ku sami ganyen gwaza, ku ɗiga masa ruwa. Ruwan ba zai jiƙa shi ba, zai dunƙule kamar ƙwayar dutsen ado ya gangare. Ganyen shinkafa ma haka yake yi, kuma ba sai an yi nisa ba kafin a gan shi, tun da ga gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato. Agwagwa ma tana fitowa daga tafki ta girgije, gashinta a bushe.

Ga bayanin. Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu, suna kuma iya manne wa abin da suka sauka a kai. Kullum ana ja-in-ja tsakanin waɗannan ƙarfi biyu. A kan gilashi mai tsabta, mannewar ce ke rinjaye, sai ruwan ya baje. A kan abu mai kakin zuma ko maiƙo, jan junan ne ke rinjaye, sai ruwan ya tattare kansa ya zama ƙwallo.

Masana suna auna wannan da kusurwar da gefen ɗigon ruwa ya yi da abin da yake zaune a kai. In kusurwar ba ta kai digiri 90 ba, abin mai son ruwa ne. In ta wuce 90, mai ƙin ruwa ne. In ta haura 150, ƙiyayyar ta kai matuƙa, ɗigon kusan ba ya taɓa wurin. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Jamus, Wilhelm Barthlott, ya duba irin waɗannan ganyaye da na'urar ƙara girman abu tun a shekarun 1970. Ya gano cewa fuskar ganyen ba sumul take ba, cike take da 'yan mitsi-mitsin tuddai masu lulluɓin kaki, ɗigon ruwa yana zama a kan tsininsu, iska tana ƙarƙashinsa. Shi ya sa yake mirginawa, har ma ya kwashe ƙura ya tafi da ita.

Daga ganye zuwa kwalba

Maganin gilashin mota yana bin rabin wannan dabara ne. Ba ya yin tuddai, domin gilashi dole ya kasance sumul a iya gani ta cikinsa. Abin da yake yi shi ne ya shimfiɗa wata fata siririya, wadda ido ba ya gani, ta sinadarin dangin silikon. Gefe ɗaya na sinadarin yana kama gilashi, ɗaya gefen yana korar ruwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Rain-X, wanda wani Ba'amurke mai suna Howard Ohlhausen ya fito da shi a farkon shekarun 1970. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinsa.

In an shafa shi, ruwan sama yakan dunƙule ƙanana-ƙanana, tsakaninsu kuma gilashi na nan a bushe, direba yana gani ta wurin. Idan mota ta ɗauki gudu, kamar kilomita 60 a awa zuwa sama, iskar da ke bugun gilashin sai ta riƙa hure ɗigon suna tserewa sama.

A 1997 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gwada irin wannan shafi. Sun samu cewa yana ƙara kaifin gani cikin ruwa, musamman da dare, kuma yana rage lokacin da direba ke ɗauka kafin ya gane abin da ke gabansa da fiye da daƙiƙa 1.

Kada ku raina daƙiƙa ɗaya. Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 80,000 cikin daƙiƙa 3,600. Ku raba, za ku sami kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. In gudun kilomita 100 ne, kusan mita 28 ke nan. Mita 22 ta kai tsawon ƙananan motoci biyar a jere. A hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta bi ta Mafara, wannan tazara ita ce bambancin tsayawa lafiya da afka wa garken awaki, ko ɗan makaranta a kan keke.

Yadda ake shafawa

Da farko a wanke gilashin tas, a bar shi ya bushe, domin in an shafa a kan datti ba zai kama ba. A yi aikin a inuwa, gilashin ba da zafi ba. A zuba kaɗan a tsumma mai tsabta, a goga ta waje ana zagayawa har ya game ko'ina. A jira 'yan mintuna ya bushe ya yi ɗan hazo-hazo, sannan a goge da wani busasshen tsumma har gilashin ya yi garau. Wanda ya yi kasala a wannan gugar ta ƙarshe zai ga gilashinsa yana hazo da dare, ya koma gidan jiya ko ma abin ya fi da lalacewa. Yawancin irin wannan magani yana ɗauke da sinadari mai kama wuta, don haka a nisanta shi da murhu da ashana, a kuma ajiye shi inda ƙananan yara ba za su kai ba. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a fara.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

Ba ya maye gurbin waifa. A cikin gari, ko a hanya mai ramuka inda dole a tafi a hankali, babu iskar da za ta hure ɗigon, sai waifa ta share. Ita waifar ma tana da tarihinta: wata mata Ba'amurkiya, Mary Anderson, ta yi rajistar ƙirarta a 1903, bayan ta ga yadda direban wata motar haya mai bin dogo a birnin New York yake fama da gilashinsa cikin ƙanƙara. A ƙasarmu zafin bazara yana busar da robar waifa ta tsattsage, saboda haka ya kamata a duba ta kafin ruwan farko.

Ba ya dawwama. Gugar waifa, rana da ƙura suna cinye shi, bayan 'yan makonni ko watanni sai an sake. Wani lokaci kuma yakan sa waifa ta riƙa tsalle tana ƙara.

Ba ya hana gumin da gilashi ke yi ta ciki. Wannan daga numfashin fasinjoji yake, in ɗumin ya haɗu da gilashi mai sanyi. Maganinsa shi ne a kunna iskar da ke hura gilashi, ko a ɗan sauke tagogi.

Wanda aka yi don gilashi bai dace da roba ba. Mai babur kada ya shafa shi a madubin hular kwano, yana iya dusashe shi.

Mun kuma san wasu direbobi kan barbaɗa garin sabulun wanki a gilashi in ruwa ya sauko. Wannan akasin maganinmu ne: sabulu yana raunana jan junan ƙwayoyin ruwa, sai ruwan ya baje. Yana ɗan taimakawa wajen cire maiƙo, amma ruwa na wanke shi nan da nan, ya bar zane-zane. Man inji, man shafawa ko kyandir kuwa, kada a kusantar da su gilashin mota ko kaɗan.

Abu mafi girma shi ne wannan: maganin yana gyara gani ne kawai, ba ya taɓa taya ko birki. A jiƙaƙƙen titi mota na iya buƙatar ninki biyu na tazarar da take tsayawa a busasshe. In taya ta suɗe, ruwa na iya shiga tsakaninta da kwalta, motar ta riƙa sululu, sitiyari ya daina jin magana. Direban da ya ga gilashinsa garau ya ƙara taka totur ya ɓarar da ribar da ya samu. Shawarar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take maimaitawa duk damina ba ta canza ba: a rage gudu, a kunna fitila, a ba da tazara, in ruwa ya yi ƙarfi a sami wuri mai kyau a gefen hanya a tsaya.

Ku gwada da kanku

Ku sami kwalba ko tsohon madubi, ku wanke shi ya bushe. Ku goga kyandir a rabinsa, ku bar rabin. Ku ɗiga ruwa a kowane ɓangare da tsinke, ku duba ta gefe, ku zana siffar kowane ɗigo a littafinku. Sai ku hura da baki ku ga wanne ya fara gudu. Ku maimaita a kan ganyen gwaza, sannan ku sa ɗan sabulu a ruwan ku sake ɗigawa. Me ya canza? Ku kai wa malamin kimiyya sakamakon ku tattauna a aji.

In kuma kun zo shiga mota a tasha hadari na haɗuwa, ku dubi gilashin da waifar kafin ku zauna. Idan ruwa ya kece kuka ga gudun ya yi yawa, ba rashin kunya ba ne ku ce, "Baba direba, don Allah a ɗan sassauta." Ku faɗa cikin ladabi, galibi za ku ji manyan da ke cikin motar sun mara muku baya. Wanda ke da mota a gida kuma, ya nuna wa Baba ko Yaya wannan shafi kafin tafiya ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.