Ladan Ɗan Dambe: Daga Dandali Zuwa Kuɗin Ƙofa

Tun ina yaro na tarar dambe wasan kaka ne a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma asalinsa na mahauta ne, wato rundawa. Idan dawa da masara suka shiga rumbu, aka kai auduga kasuwa, sai 'yan dambe su riƙa ratsa garuruwa da makaɗansu, su sauka a hannun Sarkin Pawa. Ba a biyan kuɗin kallo, domin a dandali ake yi. To da me ɗan dambe yake ci? Da kyauta. Wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, masu hali kan yi masa kari na kuɗi ko riga ko damin hatsi. Hannu da hannu ake ba shi, maroƙi na shelar sunan mai bayarwa. Makaɗi ma da rabonsa, kuma ya cancanta, don in ba waƙar Ɗan Anace ba, da sunan Shago bai kai inda ya kai ba.

Sauyi ya zo ne da aka killace fili a birane, kamar Ado Bayero Square a Kano da gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, inda ɓangarorin Arewa da Kudu da Guramaɗa ke karawa. A nan sai ka biya kafin ka shiga. Mai gidan dambe ne ke tara kuɗin ƙofa, ya fitar da ɗawainiyar fili, sannan ya sallami 'yan wasa. Akan sa gasar babur ko mota, amma mutum ɗaya ke ɗauka. Wanda ya tashi da karaya shi zai ji da jinyarsa. A ganina nan ne aka fara samun wani a tsakanin aljihun ɗan kallo da hannun ɗan dambe.

A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, miliyoyin mutane suka ga wasan. Sai dai mai kallo daga Ingila ba ya iya manna wa kowa naira a goshi.

Abin da ya faru a Amurka ya isa a duba. Kamfanin UFC, mai shirya faɗan da ya haɗa dambe da kokawa da shuri, wanda Kamaru Usman ya zama zakaransa a 2019, ya riƙa karɓar kusan dala 80 a 2023 don kallon wasan dare ɗaya a talabijin. Duk da haka, takardun kotu sun nuna rabon 'yan wasa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga ba. Sun kai ƙara, a 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 375. Francis Ngannou na Kamaru kuwa barin kamfanin ya yi a 2023 yana riƙe da kambunsa, saboda rashin jituwa kan kwantiragi.

A wajenmu matsalar ta ɗauki wani salo. Rashin tsaro, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ya rage tarukan dandali ƙwarai, har matasan da ke da hannu suka gwammace su nufi birni. Mutanen garinsu kuwa a waya suke kallonsu yanzu, kuma kuɗin data da suke kashewa kamfanin waya ne ke karɓa.