Lafiyar Iyalanmu da Ke Kan Duwatsun Mandara

'Yan'uwa, ba duk waɗanda suka tsero daga Gwoza ne suke cikin sansanin Minawao ba. Wasu suna zaune a ƙauyukan kan dutse na yankin Koza da Mokolo. Wannan bayani dominsu ne, ku taimaka ku isar musu.

Abu biyu ke hana talaka a kan dutse zuwa asibiti: nisa da kuɗi. Da damina ruwa yana yanke hanya, mota ba ta hawa, wani lokaci ko babur ba ya wucewa, sai a ɗauko majiyyaci a kafaɗa. Shi ya sa ake jinkiri har ciwo ya yi nisa.

Ga abin da ke rage wannan wahala:

Na ɗaya, a asibitocin gwamnatin Kamaru maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5.

Na biyu, tun 2016 ma'aikatan lafiya na ƙauye suna bin gida-gida da damina suna raba maganin rigakafin zazzaɓi ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Sau ɗaya ake ba da shi a wata, a sha kwana 3. Na ranar farko a gaban ma'aikaci, sauran biyun uwa ce za ta bayar. Kada a ajiye, kada a raba wa wani yaro.

Na uku, mai juna biyu ta nemi takardar Chèque Santé a asibitin da ke karɓarta. Kuɗinta sefa 6,000, tana ɗauke awon ciki, haihuwa, tiyata idan ta kama, da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa.

Sauran aikin yana hannun jama'a. Idan watan haihuwa ya kama, mace ta sauko wurin dangi kusa da asibiti tun kafin naƙuda. Kowace unguwa ta yi asusun kuɗin babur, a kuma san mai babur ɗin da za a tasa ko da tsakar dare.

Kada a jira gari ya waye idan yaro yana jijjiga, ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci. Haka ma mai ciki da ta ga jini ko ciwon kai mai tsanani. A riƙe katin awo, katin rigakafi da takardar rajista.

Wanda aka hana magani saboda shi ɗan gudun hijira ne, ya zo ofishin kariya na HCR. Akwai tafinta, kuma maganarsa sirri ce. Allah ya ba mu lafiya.