Aikin Likitan Haƙori Kafin Ciwo Ya Zo

A wajen mutane da yawa, asibitin haƙori wurin cire haƙori ne kawai, shi ya sa ba a nufarsa sai kumatu ya kumbura, barci ya gagara, an kuma gaji da cusa kanumfari a kogon haƙorin. Wannan fahimta tana jawo asara mai yawa, domin mafi amfanin aikin da ake yi a ƙaramin asibitin unguwa shi ne wanda ake yi wa mutumin da bai fara jin zafi ba.

Dalilin haka yana cikin halittar haƙorin kansa. Ɓawonsa na waje, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan'adam, ba shi da jijiya, saboda haka ruɓa tana iya cin sa wata da watanni mai shi bai sani ba. Abin da ke cin sa kuwa ba tsutsa ba ce, kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, waɗanda ke mayar da sukarin shayi, alawa da lemon kwalba wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon sannu a hankali. Idan likita ya ga ramin tun yana ƙarami, sai ya share wurin da ya lalace ya yi ciko a zama ɗaya. Amma idan ruɓar ta kai ga jijiya, sai dai a kashe jijiyar, aiki mai tsada, ko a cire haƙorin, alhali haƙora 32 da babba yake da su babu wanda ke sake tsirowa.

A ziyarar da aka saba yi, likita yana duba haƙora da dasashi da harshe da ɗan madubi, ya ɗauki hoto idan yana zargin ɓarna a tsakanin haƙora, sannan a yi wankin haƙori, wato kankare dauɗar da ta daskare a gindinsu har ta gagari buroshi da asuwaki. Wannan dauɗa ce ke sa dasashi jini da warin baki, kuma idan ta daɗe takan cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗi, musamman ga masu ciwon sukari. Masu cewa wanki yana buɗe tsakanin haƙora sun yi kuskure, domin giɓin da suke gani dama yana nan, datti ne ya rufe shi.

Yara sun fi kowa cancantar wannan kulawa, ko da yake ana raina haƙoransu 20 na nono da cewa ai za su faɗi. Kumburin dasashi a yaron da ke fama da tamowa yana iya zama mafarin cutar noma mai cin fuska, wadda aka buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2023. Idan aka gano ta tun tana dasashi, tsabtace baki, maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna iya tsayar da ita.