Zafin Doron Ƙasa da Rana a Lokacin Hunturu: Misalin Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya san halin watannin Disamba da Janairu. Da asuba sai an hura wuta ana jin ɗumi, ruwan alwala kuwa kamar ya tsinke yatsu. Amma ɗalibin da ya fita da rigar sanyi da safe, idan aka tashi makaranta da azahar ya taka kwalta babu takalmi, da sauri zai ɗaga ƙafa. Iska na da sanyi-sanyi, ƙasa kuwa ta ɗauki zafi. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, da yadda masana ke bin diddigin wannan zafi daga shekara zuwa shekara, da kuma abin da ya sa ya shafi manoman Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Zafin iska da zafin ƙasa

Idan aka ji a rediyo cewa zafin Zariya ya kai digiri 30, zafin iska ake nufi. Ana auna shi da ma'aunin zafi da aka ajiye cikin wani farin akwati mai kafofin shigar iska, a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, kamar yadda ake yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Zafin doron ƙasa kuwa shi ne zafin fatar duk abin da rana ke duka kai tsaye, watau turɓaya, ko rufin kwano, ko kwalta, ko ganyen bishiya. Da rana tsaka busasshiyar ƙasa takan ɗara iskar da ke bisanta da digiri 10 ko fiye. Ƙadangare ya san wannan, shi ya sa yakan kwanta bisa dutse da hantsi don ya ɗumama jikinsa.

Garuruwan nan uku suna wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen Disamba, rana ba ta wuce tsayin digiri 55 a sararin sama ko da tsakar rana, alhali a ƙarshen Afrilu tana bisa kai sosai. Bugu da ƙari, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazon kuma yana tare wani kaso na hasken. Duk da haka ƙasa tana zafi, saboda babu gajimare, kuma babu danshi.

Aikin ruwa da ganye

Abubuwa uku ne ke yanke yawan zafin da wuri zai ɗauka. Na farko launi: baƙin abu kamar kwalta yana shanye haske, farin abu yana mayar da shi. Na biyu inuwa. Na uku, wanda ya fi su tasiri a wannan lokaci, shi ne ruwa. Kafin lita 1 ta ruwa ta zama tururi sai ta sha zafin da ya ninka, fiye da sau biyar, wanda ake buƙata don ɗaga ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan shi ne sirrin randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Haka tsiro yake yi. Saiwarsa tana jawo ruwa, ganyensa yana sakinsa ta wasu ƙananan kafofi, ta haka yake sanyaya kansa da wurin da yake tsaye. Inda babu ruwa, kusan duk hasken da ƙasa ta sha zafi yake zama.

Awo daga sararin samaniya

A shekarar 1800 wani masani a Ingila mai suna William Herschel ya gano cewa akwai wani haske da ido ba ya gani, amma yana ɗauke da zafi. Kowane abu yana fitar da irin wannan haske, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon abin da yake fitarwa. Shi taurarin ɗan'adam ke karantawa. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, kuma tun daga Landsat 4 a 1982 ake samun hotunan zafi masu amfani. Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 kowannensu yana dawowa kan wuri guda bayan kwana 16, da hantsi, yana auna fili mai faɗin mita 100. Akwai kuma na'urar MODIS, wadda aka ɗora bisa tauraron Terra a 1999 da Aqua a 2002. Ita kusan kullum take awo, amma na fili mai faɗin kilomita 1, saboda haka ƙaramin gari ba ya wuce ɗigo kaɗan a hotonta. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga mai intanet.

Gari, tudu da fadama

A watan Janairu ƙasar waɗannan garuruwa ta kasu uku. Akwai fadamun da ake noman rake a Maƙarfi da Kudan, da lambunan tumatir na wajen Hunkuyi da Ikara. Waɗannan su ne mafi sanyi da rana, domin ganyensu kore ne, ƙasarsu jiƙaƙƙiya. Akwai gonakin tudu, waɗanda aka girbe dawa da masara, aka kwashe kara, dabbobi suka cinye sauran. Sai kuma cikin gari.

Tun 1818 Luke Howard ya nuna cewa birnin Landan ya fi ƙauyukan kewayensa ɗumi, kuma haka littattafai da yawa ke koyarwa. Amma a busassun ƙasashe da rana, al'amarin yakan juya. Bincike a birane irin su Alƙahira ya nuna cewa unguwannin gari sukan fi hamadar da ke gefensu sanyi. Haka nan tsohuwar unguwa mai darbejiya da mangwaro da inuwar katangu tana iya fin gonar tudu sanyi da azahar, sai da dare siminti da kwalta su saki zafin da suka tara. A gonar tudu, gawo ne ke rage wannan zafi, domin shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar.

Ina aka dosa?

Ƙarfi biyu ne ke tura wannan zafi. Na farko na duniya ne baki ɗaya. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2020 duniya ta fi yadda take tsakanin 1850 da 1900 zafi da kimanin digiri 1.1, kuma tudu ya fi teku ɗumama, inda zafinsa ya ƙaru da kusan digiri 1.6. Na biyu na gida ne. Idan aka cike fadama aka yanka filaye, ko aka sare bishiyoyi don itace da gawayi, zafin wurin da rana zai hau. Idan kuwa noman rani ya shiga wurin da dā fako ne, zafin zai sauka. Saboda haka gari guda yana iya samun gefen da ke ƙara zafi da gefen da ke raguwa.

Mai son gano alƙiblar sai ya kiyaye sharuɗɗa. Ya kwatanta Janairu da Janairu, hantsi da hantsi. Ya ware ranakun da hazo ya yi kauri, domin ƙura tana rage hasken da ke sauka, tana kuma ruɗa na'ura. Kada ya yanke hukunci da shekara biyu ko uku. Masana yanayi da shekara 30 suke aiki.

Abin da ya shafi manomi

Tumatir yana son sanyin hunturu. Idan zafin rana ya zarce kimanin digiri 32, garin furensa yakan raunana, furen ya kakkaɓe bai ɗauki 'ya'ya ba. Ƙasa mai zafi kuma tana ƙona irin dashe, tana saurin shanye ruwan da aka ba ta, manomi ya ƙara kashe kuɗin man injin ban-ruwa. A yankin da tumatir ya kai har aka kafa masana'antar sarrafa shi a Ikara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malamin kimiyya zai iya raba ɗalibansa rukuni huɗu, kowane rukuni da ma'aunin zafi. Da ƙarfe 1 na rana a binne kan ma'aunin cikin santimita 1 na ƙasa a filin ƙwallo, da gindin bishiya, da gefen kwalta, da lambun da aka ba ruwa, a jira minti 5, a rubuta. A maimaita kowane mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a adana littafin a ofishin shugaban makaranta don masu zuwa. Makarantar da ta dage a kan haka za ta mallaki tarihin zafin garinta, kuma ranar da aka zo sare bishiyoyin harabarta, ɗalibanta za su iya faɗin digiri nawa za a yi hasara.