Mai Zuwa Yerwa Da Kyamara, Ga Shawara

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, in za ku Maiduguri hutu, ku fara da fadar Shehun Barno a Yerwa, garin da aka kafa a 1907. A fita da sassafe, domin zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. Da hunturu a naɗe kyamara cikin ƙyalle, ƙura na ɓata gilashinta. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, a tambayi 'yan gari kafin a nufe ta. Duwatsun Gwoza da dajin Sambisa kuwa, a haƙura da su, sai tsaro ya daidaita. Kada a ɗauki hoton shingen soja, ko na mutum ba izininsa. Rigakafi ya fi magani.